TSOHUWAR MOTA MAI KOMPRESSOR: YADDA AKE GANO CIWON INJINTA DA MAIDO MATA DA ƘARFI

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin wayar da kan masu motoci, da direbobi, da makanikai, da yaran gareji, a kan wani irin inji wanda ya yawaita a ƙasar nan, amma kaɗan ne suka fahimci halinsa sosai. Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, watau babbar hanyar zuwa filin jirgin sama na Abuja, daidai Kuchigoro, ba zai daɗe ba sai ya ga ƙaramar Marsandi ta wuce, an rubuta Kompressor a jikinta. Haka abin yake a Kano, da Kaduna, da Sakkwato, da sauran biranen Tarayya. Yawancin waɗannan motoci an shigo da su ne bayan sun yi aiki a Turai ko Amurka, su ne jama'a ke kira 'yan Beljiyam. Tsofaffin cikinsu sun kai shekara talatin, ƙananan kuwa sun haura shekara goma.

Kukan da masu su ke yi kusan iri ɗaya ne: mota ba ta ja kamar dā, tana nauyi a hawa, tana shan mai, kuma wutar gargaɗi ta kama a gaban direba. Sau da yawa da zarar an kai ta gareji sai a yanke hukunci cewa Kompressor ta mutu, ko kuwa a ce sai an sake inji ɗungurungum. Alhali a mafi yawan lokuta laifin yana ga wani ɗan abu mai araha, kamar tiyo da ya tsage ko matata da ta toshe. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi ga magidanci. Motar da ta rasa ƙarfi kuma haɗari ce lokacin da direba ya fita zai wuce babbar mota. Saboda haka ƙa'idar da wannan littafi ya ginu a kanta guda ɗaya ce: a auna kafin a kwance, a fara da mai araha kafin a kai ga mai tsada.

MECE CE KOMPRESSOR?

Injin fetur ba ya samun ƙarfi sai ta ƙone mai, mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iska. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. Ashe ke nan iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da zai iya haɗiya. Injin gama-gari yana zuƙar iska da kansa, kamar yadda mutum ke numfashi. Injin da ake magana a kansa kuwa ana ɗura masa iskar ne da ƙarfi, kamar yadda maƙeri ke hura wuta da zugazugi har gawayi ya narkar da ƙarfe. Wannan zugazugi na inji shi ne Jamusawa ke kira Kompressor, Ingilishi kuma sufacaja. Kada a rikita shi da kwamfaresar na'urar sanyaya mota, domin aikinsu ya sha bamban.

Kamanta shi da zugazugi ya dace da tarihinsa. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Philander da Francis Roots, na garin Connersville a Jihar Indiana ta Amurka, suka yi rajistar irin wannan na'ura a shekarar 1860, aka kuma yi ta amfani da ita wajen hura wutar narkar da ƙarfe. A shekarar 1921 kamfanin Daimler ya nuna motocin Marsandi na farko masu Kompressor a bajekolin birnin Balin. Sunan ya sake fitowa a 1995 a kan C230 Kompressor, mai inji samfurin M111. A 2002 aka fito da injin M271 mai lita 1.8, wanda aka sanya wa C180 da C200 da C230 da kuma E200. Ɗan ƙaramin injin nan, a cikin C200 ta wancan lokaci, yana ba da ƙarfin doki 163, abin da injin gama-gari sai ya haura lita biyu kafin ya bayar. Daga wajajen 2010 kamfanin ya koma amfani da turbo a ƙananan injunansa. Akwai kuma waɗansu motocin masu sufacaja, kamar Jaguar XJR da wasu samfuran Buick da Pontiac, kuma yawancin bayanin da ke tafe ya shafe su.

Bambancin turbo da Kompressor shi ne hayaƙin salansa ke juya turbo, Kompressor kuwa bel ne ke juya ta kai tsaye daga inji. A cikinta akwai sanduna biyu masu murɗaɗɗun haƙarƙari, suna juyawa kusa da juna ba tare da sun taɓa juna ba, suna kwasar iska daga wannan gefe suna tura ta wancan. In an taka totur sosai, sukan juya fiye da sau dubu goma a minti ɗaya. Ana auna matsin iska da ma'aunin da ake kira bar. Nauyin iskar duniya a bakin teku kimanin bar ɗaya ne, Kompressor kuwa tana ƙara tsakanin rabin bar da kusan bar ɗaya, gwargwadon samfurin mota.

Akwai abu biyu da ke tafiya tare da ita. Na farko, duk iskar da aka matsa tana yin zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri. Don haka aka sa wani ɗan lagireto na iska a gaban mota domin ya sanyaya ta kafin ta shiga inji. Na biyu, akwai wata 'yar ƙofa mai mayar da iska baya. In mota tana sulo ko tana tafiya a hankali, ƙofar tana buɗe, iska na zagayawa a banza. In an taka totur sai ta rufe, matsi ya taru. Wanda ya gane waɗannan abubuwa biyu ya gane rabin cututtukan wannan inji.

ABIN DA YANAYIN ƘASARMU KE YI WA INJIN

An ƙera waɗannan motoci ne domin ƙasashe masu sanyi da ƙarancin ƙura. A nan kuwa abokan gabansu huɗu ne. Na farko ƙurar hunturu, wadda ke sauka daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙurar hanyoyin cikin unguwa waɗanda ba su da kwalta. Na biyu zafin bazara. Duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage kaurin iska da kimanin kashi 3 cikin 100, don haka motar da ke ja da asuba takan yi nauyi da azahar a watan Maris. Na uku cunkoso: wanda ke shiga birni daga Lugbe ko Kuchigoro da safe yakan daɗe inji na sulo, iska ba ta ratsa lagireto, robobi da tiyo suna gasuwa har su bushe su tsage.

Na huɗu shi ne fetur. Littafin waɗannan motoci na Turai yana neman fetur mai lambar oktan 95, ya kuma yarda da mai lamba 91 in babu yadda za a yi, tare da gargaɗin cewa ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru. Lambar oktan ita ce ke nuna juriyar fetur ga matsi ba tare da ya fashe kafin lokacinsa ba. A yawancin gidajen mai na ƙasar nan fetur iri ɗaya ake sayarwa. In mai ya fara fashewa da wuri, akwai wata sensa a jikin inji da ke jin ƙwanƙwasar, sai ƙwaƙwalwar mota ta jinkirta wutar fulogi domin ta kare fistin. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu. Jama'a ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da hukumar NMDPRA ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima. Lalle ne a guji man bumburutu na cikin jarka, a riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da aka amince da su.

MATAKI NA FARKO: TAMBAYA DA SAURARO

Makanike na ƙwarai kamar likita yake, yana fara aiki da tambaya. Yaushe ciwon ya fara? Farat ɗaya ya zo ko a hankali? Bayan shan mai ne, ko bayan wani gyara, ko bayan mota ta ratsa ruwa? Da sanyin safiya ya fi tsanani ko in inji ya yi zafi? Ƙarfin da ya ɓace dare ɗaya yakan nuna tiyo ya cire, ko kwayil ya mutu, ko an sha gurɓataccen mai. Wanda ya ragu sannu a hankali cikin watanni yakan nuna matata, ko fulogi, ko toshewar salansa.

Sa'an nan a tayar da inji yana da sanyi, a buɗe bonet a kasa kunne. Siririn kuka mai tashi tare da totur muryar Kompressor ce ta asali, ba ciwo ba ne. Kukan bel kamar na ɓera yana nuna santsi. Shiiii kamar taya na sacewa yana nuna iska na tserewa. Ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani daga hancin Kompressor yana nuna boris ko mahaɗin cikinta ya ci. Ƙarar sarƙa na 'yan daƙiƙu da zarar an tayar da mota da safe kuwa babban gargaɗi ne, za a zo kansa a gaba. A duba hayaƙi kuma: baƙi alamar fetur ya yi yawa, shuɗi alamar baƙin mai na ƙonewa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga silinda.

MATAKI NA BIYU: AWO DA NA'URA

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur da aka sayar a Tarayyar Turai daga 2001, suna da wani soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ta rubuta. Ana samun masu wannan na'ura a Apo da sauran garejin Abuja. Ga kaɗan daga lambobin da aka fi gani:

P0171: iska ta yi wa mai yawa.
P0172: mai ya yi wa iska yawa.
P0300 zuwa P0304: inji na tsallake wuta, lambar ƙarshe ita ce ke nuna silinda.
P0100 zuwa P0104: da'irar sensar awon iska.
P0016 da P0017: tafiyar saman inji da ta ƙasansa ba su daidaita ba.
P0420: katalis ba ya aiki yadda ya kamata.

Wajibi ne a fahimci cewa lamba tana nuna unguwar da ciwo yake ne, ba ta nuna gidan. P0171 ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba. Cewa ta yi a nemo inda iska ke kutsawa ko inda mai ke ƙaranci. Haka kuma goge lamba ba gyara ba ne. A rubuta lambobin a takarda kafin a goge, a ba mai mota kwafi.

Na'ura mai kyau tana kuma nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa domin ta daidaita cakuɗar. In ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai matsala. In ya yi yawa a sulo amma ya ragu da an ɗaga totur, iska ce ke kutsawa ta wata ɓaraka. In kuwa yana ƙaruwa ne lokacin da mota ke ja da nauyi, sai a zargi famfon mai, ko matatar mai, ko sensar awon iska. Wannan awo na minti goma yakan hana asarar kuɗin kayan da ba su da laifi.

MATAKI NA UKU: BIN HANYAR ISKA

Tun da iska ce jarin wannan inji, sai a bi ta daga inda take shiga har inda take ƙarewa.

1. Matatar iska. A ciro ta a ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga ƙananan ramukanta, ƙura ta wuce ta riƙa goge fentin da ke jikin sandunan Kompressor, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, matsi ya ragu har abada. A lokacin hunturu a riƙa duba ta kowane wata.

2. Sensar awon iska. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan iskar da ta shiga. In ƙura ko maiƙo ya rufe ta sai ta ba da rahoton ƙarya. Ana wanke ta da ruwan feshin da aka yi dominta kaɗai. Ba a taɓa cikinta da hannu, ko tsumma, ko fetur.

3. Tiyo da maɗaurai. A nan ne aka fi samun ɓarawon. A bi kowane tiyo da hannu, a lanƙwasa shi a duba ƙarƙashinsa, a ƙara ɗaure maɗauran da suka saki. A injin M271 akwai wani ɗan tiyon numfashin inji da ke ɓoye a ƙasa, kusa da Kompressor, wanda ya yi suna wajen tsagewa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma in ya tsage mota takan yi rawa a sulo, ta riƙa mutuwa a danja. Hanya mafi tabbaci ita ce a hura hayaƙi cikin bututun iska da na'ura, inji a kashe, a ga inda zai ɓullo.

4. Bel da abin da ke ɗame shi. Bel ɗin da ya yi sheƙi, ko ya tsattsage, ko baƙin mai ya jiƙa shi, yana santsi daidai lokacin da ake bukatar ƙarfi. In za a sake shi, a duba maɗamin da fulin da yake bi ta kansu.

5. Kulocin Kompressor. Tsofaffin M111 na kafin shekarar 2000 suna da kuloci mai aiki da lantarki a hancin Kompressor. In fis ya ƙone ko waya ta tsinke, ba za ta juya ba sam, ko da lafiyarta ƙalau. Samfuran baya ba su da wannan kuloci, kullum a haɗe suke.

6. Ƙofar mayar da iska. In datti ya hana ta rufewa sosai, Kompressor za ta yi ta aiki amma iskar na komawa baya, kamar mai ɗiban ruwa da guga mai huji. A wanke ta, a tabbatar da na'ura cewa tana amsa umurni.

7. Lagireton iska. Yana ƙasa a gaban mota, inda duwatsu, da laka, da ledoji ke samunsa. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi, a duba ko ya fashe. Maiƙo a wani gefe nasa yakan nuna inda yake yoyo.

Bayan duk wannan ne za a jona agogon awon matsi, a gwada mota a kan hanya. In matsi ya kai abin da littafin motar ya faɗa, Kompressor ba ta da laifi, a nemi ciwo a wani wuri. In za a duba ta kanta, a cire bel a juya ta da hannu: ya kamata ta juya sumul, ba tare da kartawa ba. A tuna kuma tana da nata mai na musamman a cikin hancinta, ɗan kaɗan, dabam da baƙin man inji, kuma ba a zuba mata wani iri.

MATAKI NA HUƊU: WUTA, DA MAI, DA SALANSA

Tartsatsin fulogi yana shan wuya wajen ratsa iska mai matsi. Don haka fulogin da ya ci, ko kwayil mai rauni, yakan yi lafiya a sulo, amma da an taka totur a hawa sai mota ta fara shessheƙa. A sa fulogi irin wanda littafi ya ambata, duka huɗun lokaci ɗaya. In na'ura ta nuna silinda ta biyu, alal misali, sai a musanya kwayil ɗinta da na ta uku. In lambar ta koma ta uku, an kama mai laifi ba tare da an sayi kome ba.

Ta wajen mai, a auna ƙarfin famfo da agogo. A irin waɗannan injuna yana kusa da bar 4. A sake matatar mai in an manta ranar da aka sake ta. Yawan tafiya da tanki kusan babu kome yana gasa famfo, domin fetur ne ke sanyaya shi.

A cikin salansa akwai katalis, wanda makanikai ke yi wa laƙabi da indomi, mai tace gubar hayaƙi. In ya narke ya toshe, mota takan tashi lafiya amma ta ƙi gudu, kamar mai gudu an toshe masa hanci. Ana tabbatar da haka ta auna matsin hayaƙi a gabansa. Abin lura shi ne katalis ba ya mutuwa haka kawai. Ɗanyen fetur daga silindar da ke tsallake wuta ne ke ƙona shi. In ba a gyara tushen ba, sabon ma zai bi sawun tsohon.

MATAKI NA BIYAR: SARƘA DA MATSIN SILINDA

Injin M271 yana da sarƙa mai layi ɗaya wadda ke haɗa tafiyar fistin da ta bawul. Da tsufa, musamman in ana jinkirta juyen mai, sarƙar takan miƙe, haƙoran giyar da take bi a sama su cinye. Alamunta su ne ƙarar nan ta safe, da wuyar tashi, da lamba P0016 ko P0017. Wannan ciwo ba ya jira. In sarƙa ta tsallake haƙori, fistin zai daki bawul, gyaran kwana ɗaya ya koma na sake inji. Rigakafi ya fi magani.

Har wa yau, a gaban inji ta sama akwai wasu maganaɗisu masu sarrafa lokacin buɗewar bawul. Sukan yi yoyon baƙin mai ta cikin soket, man ya bi cikin waya sannu a hankali har ya kai ga sensa da ƙwaƙwalwar mota, ya haddasa lambobi barkatai. A zare soket a duba; in da maiƙo, a sake maganaɗisun, a wanke wayoyin, a sa 'yar wayar tsakani da kamfanin ya fitar domin tare man.

A ƙarshe sai a auna matsin kowace silinda. Abin da ake nema shi ne su yi kusa da juna. Bambancin da ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 yana bukatar bincike. In an ɗiga ɗan baƙin mai a silinda mai rauni matsinta ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Sai bayan wannan awo ne maganar buɗe inji ko sake shi take da hujja.

AL'ADUN DA YA KAMATA A BARI

Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. An yi injin ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 80 da 95. In an cire tamostat ba ya kai wannan zafi da wuri, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da fanka, a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan rijiya.

Fasa katalis. Yana ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa ake samun masu sayensa, kuma shi ya sa wasu ke gaggawar ba da shawarar a cire shi. Motar da aka cire wa shi tana fitar da guba ga na bayanta da masu talla a bakin titi, wutar gargaɗi kuma ta zauna a kunne har ta ɓoye sabon ciwo in ya zo.

Baƙin mai na awo. Injin yana bukatar mai mai ɗauke da amincewar kamfani, lamba 229.3 ko 229.5, kamar 5W-40. Mai kauri ba ya isa ga sarƙa da wuri da safe. Saboda ƙura da cunkoso, ya kyautu a riƙa juye tun kafin wa'adin da aka yanka wa Turai. A sayi mai da kayan gyara inda ake ba da rasit. Araha ba ta ado. Wanda aka sayar wa jabu yana iya kai kuka ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

MAGANAR ƘARA ƘARFI

Wasu matasa sukan sake fulin Kompressor domin ta ƙara sauri, ko su sa a sauya lissafin ƙwaƙwalwar mota. Gaskiya ne hakan yana ƙara matsi, amma yana ƙara zafin iska, kuma irin wannan Kompressor tana ƙara zafi fiye da amfani in an wuce iyakarta. A ƙasa mai zafi, da fetur wanda lambarsa ba ta kai yadda ake so ba, da inji mai shekara ashirin, sakamakon yakan zama ƙwanƙwasa, da ƙonewar gasket, ko fashewar fistin. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Haka nan mai niyyar mayar da motarsa mai amfani da iskar gas, a ƙarƙashin shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya fara gyara inji tukuna, ya kuma je cibiyar da aka amince da ita, domin gas ba ya warkar da inji marar lafiya.

Ƙarin ƙarfi na gaskiya ga tsohuwar mota shi ne maido mata da wanda ta zo da shi. Ga misali na lissafi: motar da ke cin kilomita 10 da lita ɗaya, in ta koma kilomita 8, mai tafiyar kilomita 40 a rana zai sha lita 5 maimakon 4. Lita 30 ke nan a wata, kuɗin da ya isa sayen matata da tiyo har a sami canji. Daidaita iskar taya, da gyara birkin da ke kamawa, da sauke kayan da ba a bukata daga but, duk suna taimakawa.

GWAJI BAYAN GYARA

A riƙa gyara abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, domin a san wanda ya yi magani. A yi gwaji mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na duban na'ura. Hawa ya fi miƙaƙƙiyar hanya tona asirin inji, kamar hawan Kugbo ga mai tahowa daga Nyanya zuwa Asokoro. Titin filin jirgi ba fagen tsere ba ne. Jama'a na tsallaka shi dare da rana a Kuchigoro da sauran unguwannin da ke bakinsa, kuma iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya kilomita 100 ne a sa'a, kamar yadda dokar hanya ta tanada, hukumar FRSC kuma take tsarewa. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba. Kada kuma a kusanci bel da babbar riga ko hannun riga mai faɗi.

KAMMALAWA

Ana kira ga kowane mai irin wannan mota ya ajiye ɗan littafi a cikinta, ya riƙa rubuta ranar juye, da lambar kilomita, da duk abin da aka sake, da lambobin da na'ura ta nuna. Ya nemi a ba shi tsofaffin kayan da aka cire. In an ce masa Kompressor ta mutu, ya tambayi nawa agogon matsi ya nuna. In an ce a sake inji, ya tambayi nawa kowace silinda ta nuna. Ana kuma kira ga shugabannin gareji da ƙungiyoyin makanikai su koya wa yaransu karatun na'ura da aikin agogon awo tun suna ƙanana, domin makaniken da ke aunawa kafin ya kwance shi ne wanda jama'a za su ci gaba da kai wa motocinsu.